Zinare Da Dalma: Dutse Ɗaya, Hali Biyu, Da Abin Da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Sani



Kwanakin baya na je Gummi gaishe da goggona. Muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai ga autanta ya shigo daga dajin haƙar zinare, tun daga gira har takalmi ya yi fari fat da ƙura. Kafin ya ajiye jaka, 'yarsa mai shekara biyu ta ruga ta rungume masa ƙafa. Ban san sa'ad da na miƙe na ɗauke ta ba.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, lahiya? Ubanta na fa."

Na ce, "Goggo, ƙurar jikinsa nake guje mata."

Ta ce, "Ku ma'aikatan asibiti kullum zinari, zinari. Ga shi nan ga kunnena shekara talatin, ko ƙaiƙayi bai taɓa sa ni ba. Mi ya haɗa zinari da mutuwar yara?"

Goggo tana da gaskiya a rabin maganarta. Zinare bai kashe yaro ko ɗaya ba a Anka da Bukkuyum. Abokiyar zamansa a cikin dutse ce ta yi ɓarnar, wato dalma. Abin da ya raba su shi ne hali: zinare ba ya son haɗuwa da komai, dalma kuwa da wuya ka same ta ba a manne da wani abu ba. Uwar da ta gane wannan bambanci za ta gane yadda gubar ke shiga jikin yaro, da yadda magani ke fitar da ita, da abin da za ta iya yi a gidanta.

Kowane sinadari da halinsa

Duk abin da muke gani, daga ruwan randa har ƙashin jikinmu, an gina shi ne da sinadarai na asali. Masana sun san guda 118. Ƙarfe ɗaya ne daga cikinsu, haka zinare, azurfa, tagulla, dalma, farar wuta, da iskar oksijin da muke shaƙa. Idan biyu ko fiye suka haɗu suka ƙulle, sai su haifar da sabon abu mai halinsa daban.

Gishirin miya shi ne misali mafi kusa. Sinadarai biyu ne a cikinsa. Na farko sodiyam, wani ƙarfe mai laushi wanda idan aka jefa shi cikin ruwa yake tafarfasa har ya iya kama wuta, shi ya sa ake ajiye shi a cikin mai. Na biyu kulorin, iska mai guba. Amma da suka haɗu, ga shi muna barbaɗa su a miyar kuka kullum.

Me ke sa wasu su haɗu, wasu su ƙi? Kowane sinadari ƙwayoyin zarra ne, kuma kowace ƙwaya tana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaye ta layi-layi, ana kiransu ilektiron. Layin waje shi ke yanke hukunci. Sodiyam yana da guda 1 a layin waje, ya yi masa rara. Kulorin yana da 7, yana neman guda 1 ya cika 8. Wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, sai su riƙe juna. Akwai kuma waɗanda layinsu a cike yake tun asali, kamar hiliyam, iskar da ake hura wa balan-balan ya tashi sama. Ba ya bayarwa, ba ya karɓa, ba ruwansa da kowa.

Ki duba kayan ɗakinki, za ki ga wannan bambanci da idonki. Wuƙar ƙarfe idan ta kwana a ruwa sai tsatsa, domin ƙarfe ya haɗu da oksijin. Zoben azurfa yana baƙi idan ya daɗe, domin azurfa ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska. Tagulla kan yi kore. Amma ɗan kunnen zinare na gaske yana nan yadda aka saye shi. Zinare yana riƙe ilektiron ɗinsa gam, ba ya sakar wa oksijin, ba ya sakar wa ruwa. A Masar an buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, aka tarar da zinaren da ke ciki yana ƙyalli bayan fiye da shekara 3,000. Saboda wannan hali ne ma mai haƙa yake samun zinare tsuransa, 'yan ƙwayoyi masu walƙiya a jikin dutse. Ko da yaro zai haɗiye ɗan ƙwayar, ruwan cikinsa ba zai narkar da ita ba, za ta fita yadda ta shiga.

Dalma ba haka take ba. Cikin sauƙi take sakin ilektiron 2, don haka a cikin ƙasa kusan kullum a haɗe take da wani. Babbar ƙawarta ita ce farar wuta. Idan suka haɗu sai su zama wani dutse mai nauyi, ruwan toka mai ƙyalƙyali, wanda masana ke kira galina. A wasu ramukan yammacin Zamfara, Allah Ya haɗa zinare da wannan dutse a jijiya ɗaya. Hali zanen dutse, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Abin da ya faru a 2010

A shekarun da suka gabaci 2010 farashin zinare ya tashi ƙwarai a kasuwar duniya. Manoma da yawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Sai ya zama ana kwaso duwatsun a buhu ana kawowa cikin gari. Ana farfasa su da guduma a tsakar gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a busashe da irin injin da ake niƙa gero da dawa, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe. Mata da yawa sun shiga aikin daga cikin gidajensu don su sami na cefane. Babu wanda ya san abin da ke cikin ƙurar.

Mutanen ƙauyukan sun fara lura agwagi suna ƙarewa. Daga nan sai yara. Amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga da taune-taune, sai rasuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa. Da aka gwada jinin yaran a ɗakin bincike, sai aka ga dalma ce.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya, sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Sun gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yaran da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma maikurogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da guba. Na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta wuce 65, kuma yawancin yaran sun zarce abin da take iya karantawa. A wasu gidajen, dalmar da ke cikin ƙasar tsakar gida ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu a yankin, dubbai kuma suka kamu.

Ina makarantar koyon aikin jinya a lokacin. Na tuna yadda muke jin labarin a rediyo muna tambayar juna irin tambayar goggo.

Abokin haɗi shi ke ƙara dafin

Akwai wani abu da masana duwatsu na Amurka suka gano da suka binciki ƙurar Zamfara, wanda ya bayyana dalilin da ya sa abin ya yi muni haka. Galina, wato dalma haɗe da farar wuta, ba ta saurin narkewa a cikin mutum. Amma duwatsun da ke kusa da saman ƙasa sun daɗe ruwan sama da iska suna cinsu. A hankali dalmar ta saki farar wuta ta kama wasu abokan, oksijin da kabon. Wannan sabon haɗi yana narkewa cikin sauƙi a ruwan tsamin da ke cikin tumbi. Ga shi kuma injin niƙa ya mayar da shi gari mai laushi kamar hoda.

Dalmar ɗaya ce, abokin haɗinta ne ya canza, sai dafinta ya ƙaru. Yaro ya dafa ƙasa, ya sa hannu a baki, garin ya isa ciki, ya narke, ya shiga jini.

Yara sun fi manya shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsa. Ga su kusa da ƙasa, ga hannu kullum a baki, ga ƙwaƙwalwa tana kan ginuwa.

Kama da wane ba ta wane

Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar dalma ko ƙwaya ɗaya. To me ya sa yake karɓarta?

Akwai sinadarai uku da jikin yaro ke nema ruwa a jallo: kalsiyam na gina ƙashi da haƙori da aika saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sinadarin ƙarfe na yin jini, da zinki mai taimakon ayyuka da yawa a jiki. Dukkansu, kamar dalma, ilektiron 2 suke saki. Don haka idan dalma ta zo ƙofar hanji, jiki sai ya ɗauka ɗaya daga cikinsu ce ya buɗe mata. Ta shiga ta zauna a gurbinsu, amma ba ta iya aikinsu.

A inda ake haɗa jini, takan ture zinki ta tsayar da aikin, sai yaro ya yi fari, jininsa ya yi ƙasa. A ƙwaƙwalwa takan shiga gurbin kalsiyam ta rikita saƙonni. Idan ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, shi ne jijjigar da aka gani a Dareta. Idan kaɗan ce ba a ganin komai a ido, sai daga baya a ga yaro ya yi jinkirin magana, ko karatu yana ba shi wuya, ko ba ya iya natsuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mataki na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma tun daga maikurogiram 5 take so a nemo inda yaro ke samunta a raba shi da wurin.

Mafi yawan dalmar da ta zauna a jiki a ƙashi da haƙori take ɓuya, a gurbin kalsiyam, kuma tana iya yin shekaru masu yawa a can. Wannan ya shafe mu mata kai tsaye. Idan mace ta sami ciki, jikinta yana ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri. Dalmar da ta ɓuya sai ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. 'Yan matan da aka haifa a Abare, Dareta, 'Yargalma da Bagega wajejen 2008 zuwa 2010 yanzu sun kai ko sun kusa kai shekarun aure. Duk wadda ta tashi a ƙauyen da abin ya shafa, idan ta je awon ciki ta gaya wa ma'aikaciyar jinya, kada ta ji nauyi.

Halin da ya yi cutar, shi ya ba da magani

Tun da dalma tana son farar wuta haka, sai masana suka yi mata tarko da ita. Maganin da MSF ta riƙa ba yara a cibiyoyin da ta buɗe a asibitocin Anka da Bukkuyum, mai suna DMSA, yana da hannaye biyu na farar wuta. Idan ya shiga jini, dalma sai ta saki abin da ta kama ta manne masa, ya riƙe ta kamar yadda ƙaguwa ke riƙe abu da ƙafarta, ƙoda ta tace su tare su fita a fitsari. Ana shan sa na kimanin mako uku zuwa huɗu, kuma yara da yawa sai da aka maimaita musu sau da dama, domin duk lokacin da jini ya washe, wadda ke cikin ƙashi sai ta sake fitowa.

Abu biyu nake so a riƙe game da wannan magani. Na ɗaya, yana ceton rai, amma ba ya gyara ɓarnar da ta riga ta auku a ƙwaƙwalwa. Na biyu, ba shi da amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar. Saboda haka ne likitocin suka dage sai an tsabtace gari kafin a fara ba yaransa magani.

Tsabtacewar ma darasi ce. Dalma sinadari ne na asali, ba ƙwayar cuta ba. Tafasawa ba ta kashe ta, wuta ba ta ƙone ta, rana ba ta busar da ita, turare ba ya korarta. Sai dai a kwashe ta a kai wani wuri. Haka aka yi: tare da ƙwararrun TerraGraphics da Blacksmith Institute, matasan ƙauyukan suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwar ƙasa. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi jira har 2013, sa'ad da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da matasa irin su Hamzat Lawal. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara.

Maganar ba ta zama tarihi ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Dutsen yana nan yadda yake, talauci yana nan, maza suna zuwa daji suna dawowa gida.

Abin da uwa za ta iya yi

Ba na cewa kowa ya bar sana'arsa. Na san gidajen da wannan aiki ne ke ciyar da su. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka a raba aikin da gida.

Kada dutsen haƙa, ko garinsa, ko buhun da aka zuba shi ya shigo gida. Buhun da ya ɗauki dutse kada a sa masa hatsi, kada a shimfiɗa wa yaro.

Turmi, taɓarya, ƙwarya ko injin da ya taɓa dutse ya bar aikin abinci har abada.

Maigida ko ɗa idan ya taso daga aiki, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo, ya bar takalmin aiki a waje. A wanke kayan aikinsa daban, nesa da rijiya da madafa. Ki faɗa masa da lalama, ki nuna masa don 'ya'yansa ne.

A wurin aiki, niƙa da ruwa ya fi niƙa a bushe, domin jiƙaƙƙen gari ba ya tashi. Yara da masu ciki kada su je wurin, ko da talla.

A yayyafa ruwa kafin shara. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci. A zaunar da mai rarrafe a kan tabarma mai tsabta, a rufe abinci da ruwan sha.

Kada a ƙona zaiba, wato makuri, a cikin gida. Masu haƙa suna amfani da ita ne domin tana cikin 'yan abubuwan da ke iya kama zinare, sannan su ƙona ta ta tashi ta bar shi. Hayaƙin nan guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda.

A cika gurbin kafin baƙuwa ta zo. Yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam, ko wanda cikinsa ba komai, ya fi tsotse dalma. Nono, kindirmo, zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam. Hanta, nama, wake da ganye suna ba da sinadarin ƙarfe, kuma lemo ko gwaba bayan abinci na taimaka wa jiki ya karɓe shi. Abinci yana rage haɗari, amma ba ya maye gurbin raba yaro da ƙura.

Ga wadda ke cewa ita a Kano ko Zariya take, ba ruwanta da haƙa, ki duba kwallin da kike sa wa jariri. Kwallin dutse mai ƙyalƙyali da ake niƙawa, sau da yawa galina ce, dutsen nan dai da muka yi magana. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston na Amurka da aka samu da dalma a jini, aka bi sawu aka tarar kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya sa hannu a baki. Idon jariri ba ya buƙatar kwalli. Haka kuma tsohon batirin mota ko na sola cike yake da dalma, kada a fasa shi ko a ajiye fasasshe a gida.

Idan yaro yana yawan ciwon ciki, amai, bushewar ciki, rashin cin abinci, yawan kuka ko kasala, ko ya daina abin da ya riga ya iya kamar tafiya ko magana, kuma akwai mai aikin haƙa a gidan, ki kai shi asibiti ki faɗi sana'ar gidan da bakinki. Alamomin suna kama da na wasu cututtuka, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Idan jijjiga ce, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Da na gama yi wa goggo wannan bayani, iya yadda zan iya a tsakar gida, ta yi shiru tana juya ɗan kunnenta. Can ta ƙwala wa autan nata kira ta ce, "Kai, daga yau ga bokiti can zaure. In ka taso, can za ka wanke jikinka ka tuɓe kayan ga, kahin ka taɓa mini jika." Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ba shawara take ba shi ba.

'Yan uwa na Anka, Gummi, Bukkuyum da sauran wuraren da ake haƙa, ku gaya mana a ƙasa yadda kuke raba kayan aiki da gida, da yadda kuka shawo kan mazajenku, wata za ta ƙaru. Mai tambaya kuma ta ajiye, zan amsa gwargwadon sanina in na taso daga aiki. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya raya mana waɗanda ke hannunmu cikin lafiya.